A Madadin Zulai

Ranar da aka buɗe shirin koya wa mata shugabanci, duk wanda ya zauna a babban teburi yana da gemu. Mu 'yan matan da aka tara jama'a dominmu, an jera mu a layin baya kusa da kulolin shinkafa, saboda da zarar an shafa fatiha mu ne za mu raba abinci.

Sunana Mansura, 'yar Sabon Gari ce ni a nan Gusau. Na karanta fannin raya karkara, na gama, na dawo gida ina taya Mama tankaɗe har maƙwabta suka daina tambayata ko an samu aiki. Shi ya sa da na ji Gidauniyar Fitilar Mata na ɗaukar 'yan mata horon sanin makamar aiki, kuma wadda ta fi ƙwazo za a riƙe ta dindindin, ban tsaya neman shawara ba. Da aka ɗauke ni, Mama ta bi gida gida tana shelar 'yarta ta zama ma'aikaciya. Na ce mata horo ne kawai. Ta ce in rufe mata baki.

Shugaban gidauniyar, Alhaji Tajuddeen, mutum ne mai son lasifika. Ya miƙe ranar, ya gyara hannun babbar riga, ya ce, “A madadin matan Zamfara baki ɗaya, ina yi muku barka da zuwa.” Na waiga na dubi Sadiya da Ikhlas, abokan horona, ko akwai wadda ta aike shi a cikinmu. Babu. Ya yi dogon jawabi a kan yadda aka daɗe ana danne muryar mace. Da wata baƙuwa ta ɗaga hannu za ta yi tambaya, ya ce lokaci ya ƙure.

Makonnin farko a ofis muka yi su, kuma gaskiya mun ƙaru da ilimi. Mun koyi cewa Alhaji ba ya son sukari da yawa a shayi. Mun koyi yadda ake riƙe ƙyallen da aka rubuta sunan gidauniya a jiki, a miƙe shi tsaf ba tare da yatsa ya rufe tambarin masu ba da tallafi ba. Malam Anas, jami'in da ke kula da mu, shi ya koya mana tafi, inda ake farawa da inda ake tsayawa. Ikhlas ta fi mu iya wannan, har Alhaji ya ce yana hango mata shugabanci.

Daga baya aka rarraba mu. Ikhlas aka kai ta Wanke, Sadiya aka tura ta Tsafe, ni kuma Bunguɗu, wata unguwa a bayan Nahuce. Rabona ya fi nasu tsoka, domin a unguwar ne masu tallafi suka amince a haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Sharaɗinsu ɗaya ne: kwamitin mata ne zai zaɓi inda za a haƙa ta. Mai awon ruwa ya riga ya zagaya da na'urarsa, ya ce wuri biyu ne ke da ruwa. Ɗaya a bakin titi, inda 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja. Ɗayan can cikin unguwa, a wani fili da ke cikin dangar gidan wata dattijuwa da ake kira Inna Ma'u.

Ranar zaman kwamiti na sa sabon hijabina, na shiga motar ofis ina ta bitar abin da zan faɗa wa mata 'yan uwana. Muka tarar an shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiya a bakin titi, an cika su maƙil. Na duba gabas, na duba yamma. Ban da ni, mace ɗaya ce a wurin, ita ma tallan gyaɗa ya biyo da ita.

“Malam Anas, ina matan?”

“Ga su nan zaune. Ki riƙe ƙyalle.”

Na ɗauka wasa yake yi, sai da ya fara kiran suna.

“Zulai Umar!”

Wani ƙaton mutum mai gemu har ƙirji ya ɗaga hannu. “Ga ni.”

“Asma'u Ɗanjuma!”

“Ga ni nan,” in ji wani mai rawani, yana kaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa.

Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wadda ta yi fashi. A iya karatuna ban taɓa ganin taron mata da ya cika haka ba. Na kasa haƙuri, na matsa kusa da mai gemun nan na gaishe shi, na ce, “Baba, kai ne Zulai?”

“A madadinta niz zo,” ya ce, ko a jikinsa. “Duk abin da za ta ce, ni ad da shi.”

“Ka tambaye ta?”

Ya dube ni da tausayi. “Ɗiyata, shekara nawa muna tare? Sai na tambaye ta?”

Wanda ya ja zaman shi ne Malam Ɗantsoho, dattijon unguwa, wanda kusan rabin baburan bakin titin nasa ne. Ya yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa marar lafiya. “Malama, nan ba Gusau ba ta. Matanmu ba su hita gaban maza, kuma namijin da ba muharrami ba bai ganin su. Wanga shi na mutuncinmu, shi munka gada.” Mazan suka gyaɗa kai. Daga nan aka tambayi matan unguwa inda suke son rijiya, matan unguwa suka shafa gemu suka ce bakin titi. Malam Anas ya ɗauki hoto daga inda ƙyalle da fuskata kaɗai za su fito.

Muka kama hanyar komawa. Raina ya ɓaci sosai, amma ina son aikin nan, kuma mai son aiki a Fitilar Mata ba ya ɓata rai a motar ofis.

Tunda an ce in riƙa zuwa unguwar ina wayar da kan mata, sai na fara shiga gidaje. Ba wanda ya hana ni, ai mace ce ni, kuma ba wanda ya zaci wani abu zai fito daga hirar tsakar gida. A nan na gano abin da ba a koya mana a makaranta ba. Gidajen unguwar duk a haɗe suke ta baya. Kowace danga tana da 'yar kafa da aka rufe da tsohon buhu, mace ta sunkuya ta faɗa gidan maƙwabciyarta, daga nan ta faɗa na gaba. Mace za ta ratsa unguwar kaf ba ta taka titi ba. Kuma duk kafofin nan, in ka bi su, a filin gidan Inna Ma'u suke haɗuwa, inda ake shanya da sussuka.

Na haɗu da Zulai ta gaskiya a wani taron suna da yamma. Siririya ce, mai saurin magana, kuma ba ta da gemu ko ɗaya. Da na gaya mata ta halarci zaman kwamiti har ta zaɓi bakin titi, ta ajiye ludayin da take rabon kunu da shi.

“Ni? Yaushe?”

“Ranar da aka zauna gindin dalbejiya. Kin yi magana mai ma'ana ƙwarai.”

Matan suka kwashe da dariya, har wata ta ƙware. Inna Ma'u ce kaɗai ba ta yi ba. Tsohuwa ce doguwa, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ita ta yanke cibiyar yawancin masu gemun da suka zauna a tabarma.

“Ki bar su su yi dariya,” ta ce mini. “Ke kin san inda mu ka samun ruwa? Rafi, bayan gonaki. Mu ba mu hita, sai mu tura ɗiyanmu mata. Tun da lamarin tsaro yal lalace, in yarinya ta ɗauki jarka ta wuce gonakin ga, uwatta ba ta iya haɗiyar ko ruwa sai ta ga dawowatta. Ranar da anka ji harbi wajen dajin can, Zulai ga ta nan, da gudu tah hita ba mayahi, tana kiran sunan ɗiyatta. Ranar ba wanda yat tuna da mutunci.”

Zulai ta sunkuyar da kai.

“In an haƙa a bakin titi fa?” na tambaya, ko da yake na san amsar.

“Su wanke babura,” in ji Zulai. “Wace uwa za ta tura budurwa cikin 'yan kabu-kabu ta yi layi? Mu kuma ba mu zuwa. Sai dai mu riƙa jin ƙarar ruwa daga ɗaka.”

Na miƙe a tsakiyar taron sunan mutane, ba ƙyalle, ba lasifika, na ce duk wadda sunanta ke cikin kwamiti ta ɗaga hannu. Suka ɗaga, wasu da lalle a hannun, wasu da jariri a ɗayan. Na ce wa ke son bakin titi. Ba kowa. Na ce wa ke son filin Inna Ma'u. Har waɗanda ba sa cikin kwamiti suka ɗaga, har mai jego daga bakin ƙofar ɗakinta. Inna ta ce ta ba da filin, Allah ya kai ladan kabarin mai gidan.

Washegari na shiga ofishin Alhaji Tajuddeen da zumuɗi, na kwashe komai na gaya masa. Ya saurare ni har ƙarshe, abin da bai saba ba. Ya kira Malam Anas ya ce, “Ka ji yarinyar nan? Wannan shi ne shugabancin da muke magana.” Zuciyata ta yi fari, har na fara tunanin kalar labulen da zan sa a ofishina.

“To, a bakin titi za a haƙa,” ya ƙarasa.

“Ranka ya daɗe, ai matan sun ce...”

“Na ji abin da suka ce, kuma ya shiga raina. Amma ki yi tunani irin na manya. In aka kai rijiya cikin lungu, wa zai ga allon sunanmu? Duk motar da ta fito daga Gusau za ta wuce ta bakin titin nan. Kuma kwamiti ya riga ya zauna, ga hoto. So kike mu ce wa masu tallafi matan sun canza magana? Ai sai a ce mata ba su da tsayayyen ra'ayi. Ni kuwa ba zan bari a ci mutuncin mata ba.”

Ya miƙo mini kofinsa, ya ce sukarin jiya ya ɗan yi yawa.

Sai Allah ya kawo wani babban taro a Abuja a kan ƙarfafa muryar mata, kuma ya faɗo daidai lokacin da masu haƙa za su zo. Taro irin wannan ba a tura yara, don haka Alhaji da Malam Anas suka sadaukar da kansu. Kafin su tafi filin jirgi Malam Anas ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa ya ce, “Mansura, ki je a madadinmu. Ki nuna musu wuri kawai, kada ki ƙara komai.” Alhaji ya leƙo daga mota ya ce, “Ke ce ni a can. Kin ji ko?” Na ce na ji, ranka ya daɗe.

Motar haƙa ta iso da hantsi, ƙatuwa, tana tafe tana nishi. Ranar kasuwa ce, mazan unguwa duk sun tafi, 'yan kabu-kabu suna can suna jigilar masu cin kasuwa. Bakin titin ba kowa sai awaki. Shugaban masu haƙar, wani baƙin mutum mai suna Kabiru, ya sauko yana goge hannu da tsumma.

“Hajiya, wuri biyu aka ba ni a awo. Wanne ne?”

Na dubi gindin dalbejiya. Wuri ne mai kyau, wallahi, allo zai fito raɗau. Na tuna Mama da shelarta, na tuna zaman tankaɗe, na ji tsoro ya kama ni. Ba wani jarumtaka a jikina a lokacin. Abin da ya tsaya mini a rai kawai shi ne Zulai a guje ba mayafi.

“Cikin unguwa,” na ce.

Kabiru ya tsaya da goge hannu. “Ni fa na ji kamar an ce bakin titi. Ke wace ce a gidauniyar?”

“Ni ce Alhaji Tajuddeen.”

Ya dube ni daga hijabi har takalmi.

“A madadinsa na zo,” na ce. “Duk abin da zai ce, ni ke da shi.”

“To, shi ke nan,” in ji Kabiru. Ai a ƙasar nan ba a jayayya da wannan kalma. Ya daka wa direba tsawa ya juya kan mota.

Inna Ma'u ta sa aka kwance dangar filin ta gefen hanya, matan suka shige ɗakuna, mota ta shiga da baya. Kafin la'asar ƙarfe ya yi nisa cikin ƙasa, unguwa ta cika da ruri. A haka mazan suka dawo daga kasuwa. Malam Ɗantsoho ya iso ko buhun da ya sayo bai sauke daga babur ba.

“Wa yab ba ku izni? Kwamiti ya zauna, kwamiti ya ce bakin titi!”

Inna Ma'u tana zaune a kan turmi tana tsinke zogale. Ba ta ɗago ba. “Wane kwamiti, Ɗantsoho?”

“Kwamitin mata!”

“To ai mu na matan. Ko kai ma kana ciki?”

Ya juya kan Kabiru ya ce a tsaya, a mayar bakin titi. Kabiru ya ce shi dai a iya shekarunsa a sana'ar nan bai taɓa ganin an ciro rami an kai shi wani wuri ba, amma in Malam ya san yadda ake yi, ga shi ga ramin. Washegari ruwa ya ɓalle, ja da farko, daga baya fari tas. Na ji guɗa ta tashi daga gida zuwa gida ta cikin kafofin danga, ba a ganin masu yin ta. Na tsaya a gefen mota na yi kuka, Kabiru ya yi kamar bai gani ba.

Kafin in kai rahoto, labari ya riga ya isa Abuja. Da suka dawo, Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, domin ya ɗora mini buri. Ya ce shugabanci na farawa ne da biyayya, kuma yarinyar da za ta yanke hukunci da kanta ba ta fahimci manufar shirin ba. Na ce ai shi ya ce ni ce shi. Ya ce wannan magana ce ta fatar baki, kowa ya san ma'anarta. Ba takardar shaida, ba aiki. Ikhlas aka ba aikin, kuma ban yi mata hassada ba, ta sha wahalar tafi.

Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Na yi kuka a cikin Keke tun daga ofis har Sabon Gari. Mama ta saurare ni, sannan ta miƙo mini rariya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Maƙwabta kuwa suka dawo da tambayarsu, har da waɗanda da can ba sa gaishe ni.

Bayan an kafa tanki da faifan sola, Sadiya ta kira ni daga Tsafe. Ta ce an sa ranar buɗe rijiya, an gayyaci manyan baƙi, an ɗinka sabon ƙyalle, ita da Ikhlas za su riƙe. A rahoton da aka aika wa masu tallafi, in ji ta, an rubuta cewa gidauniya ce ta dage sai an bi zaɓin mata. Ni ba a gayyace ni ba. Amma Inna Ma'u ta aiko a gaya mini in ban zo ba, ba ita ba ni har abada, don haka na shiga motar haya na tafi.

Na bi ta kafar danga daga gidan Zulai na faɗa filin. An mayar da dangar da aka kwance, an ƙara mata sabon kara, ta fi da tsayi. Ciki kuwa mata ne cike, matan aure da 'yan mata, wasu na wanki, wasu na wanke yara, wasu sun zauna kawai suna kallon ruwa na zuba. Ba mai hijabi a cikinsu, ai a cikin gida suke. Ma'aikatan da suka kafa tanki sun bar jan ƙyalle ɗaure a jikin famfunan, don Alhaji ya yanka. Matan suna sunkuyawa ta ƙarƙashinsa suna tara bokiti.

Muka ji tsayuwar motoci. Muka ji an gwada lasifika. Muka ji Alhaji Tajuddeen, a madadin matan unguwa, yana gode wa kansa. Da ya gama, aka ce baƙi su taso a shiga a yanka ƙyalle.

Hanya ɗaya ce daga waje zuwa filin, ta zauren Inna Ma'u. A jikin bangon zauren kuwa, tun zamanin mai gidan, akwai rubutu da farin fenti: BA SHIGA. Inna ta yafa mayafinta ta nufi zauren, na bi bayanta na laɓe a inda nake hango waje.

Alhaji na gaba da almakashi a kan faranti, Malam Anas na biye da kyamara, sai baƙi masu manyan riguna, sai mazan unguwa. Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta yi musu sannu da zuwa.

“Inna, a ba mu hanya mu shiga,” in ji Malam Anas.

“Ni ba ni hana ku,” ta ce. “Ni tsohuwa ta, mi za a gani a jikina? Amma matan mutane na ciki, ba lulluɓi. Ga mazansu nan, ku tambaye su. Ɗantsoho, matarka na ciki tana wanki. Umar, Zulai na ciki. In kun yarda baƙi su shiga da na'urar hoto, bismilla.”

Malam Ɗantsoho ya dubi Alhaji, ya dubi kyamara, ya dubi mazan unguwa da suka zuba masa ido. Rawaninsa ma kamar ya yi masa nauyi.

“Alhaji,” ya ce daga ƙarshe, murya ƙasa ƙasa, “ka yi haƙuri. Matanmu ba su hita gaban maza.”

“To a ce su koma gidajensu na ɗan lokaci mana,” in ji Malam Anas.

“Ashe hoton famfo za ku ɗauka,” in ji Inna. “Na ɗauka rijiyar mata ta. Masu tallahin naku ba za su tambayi ina matan ba?”

Ɗaya daga cikin baƙin ya yi tari, irin tarin da ake ɓoye dariya da shi. Sadiya da Ikhlas na riƙe da ƙyalle a rana, ba yatsa ko ɗaya a kan tambari, amma kafaɗun Sadiya rawa suke yi. A lokacin Alhaji ya hango ni a cikin zaure. Muka haɗa ido. Na gaishe shi da ladabi, yadda aka koya mini.

Ya tsaya da farantinsa, ga baƙi, ga lasifika, ga ruwa yana jin ƙararsa ta bayan danga. Inna Ma'u ta sauko daga dokin ƙofa, ta karɓi kyamara daga hannun Malam Anas ta miƙo mini ta baya ba tare da ta waigo ba. Sannan ta miƙa wa Alhaji tafin hannunta.

“Kawo almakashin, ɗana,” ta ce. “Ku zauna nan inuwa ku huta. Zulai za ta yanka a madadinka.”